Sandunan ba da hannu masu fitila sun mutu a ajiye, wanne ake iya cetowa?

Abban Sadiya:

Assalamu alaikum. Muna da sandunan ba da hannu masu fitila guda 12, waɗanda 'yan agajinmu ke tsara motoci da su a ƙofar masallaci lokacin tarawihi da tahajjud. Takwas masu cin babban batirin tocila biyu ne, huɗu na caji. Bayan sallah aka zuba su a kwali aka kulle a sito. Da aka fito da su yanzu, biyar ba sa kawo wuta sam, biyu sai an bubbuga, cikin wasu kuma duk farin gari ne. Biyu daga na cajin sun ƙi ɗauka. Masana a taimaka, wanne ake iya gyarawa, kuma yaya ake adana su?

Mai Gyaran Rediyo:

Wa alaikumus salam, Malam. Ba aiki ne ya kashe su ba, batirin da aka bari a ciki ne. Ƙwayoyin fitilar da wuya su ƙone, kusan kullum matsalar tana gidan batir.

Farin garin nan ruwan batirin alkalin ne da ya tsiyayo ya bushe. Yana cin fata, kada a taɓa shi da hannu tsirara, kada kuma a hura shi da baki, ya shiga ido. A sa safar hannu ko leda, a kwance marfin gindi, a zazzage batiran. Idan sun kumbura sun maƙale, a bubbuga gindin sandar a kan katako, ba a kan siminti ba. Sai a tsoma tsinken auduga a ruwan lemon tsami ko ruwan khal a riƙa ɗiga wa wurin. Za ka ga yana kumfa, alamar yana narkewa ke nan. Idan kumfar ta tsaya a goge da tsohon buroshin haƙori, a bi da auduga mai sifirit, a bar sandar a buɗe a inuwa ta yini guda. Wanda ya yi gaggawar mayar da batir kan danshi, tsatsa ce za ta dawo masa cikin mako.

Bayan ta bushe a duba sifirin ɗin marfi da ɗan ƙarfen da kan batir ke taɓawa. A goge su da samfefa mai laushi har ƙarfe ya yi sheƙi, amma kada a zafafa, don rufin da ke kansu siriri ne. Sifirin da ya lanƙwashe a ɗan ja shi ya miƙe. Wanda ya ruɓe a cire, a samo na tsohuwar tocila a liƙe da dalma. Idan ruwan ya gangara har kan allon lantarkin da ke cikin mariƙi ya cinye layukansa suka yi kore, wannan kam a ajiye ta a riƙa cirar kayan gyara a jikinta.

Injiniya Baffa:

Bayanin Mai Gyaran Rediyo daidai ne, sai dai akwai gyara ɗaya. Lemon tsami na batirin alkalin ne kawai. Yawancin manyan batiran da ake saya a kan tebur masu araha na zinc da gawayi ne, kuma ruwansu mai tsami ne da ma. Idan ka ƙara masa lemo ka ƙara wa wuta fetur. Ga yadda ake bambancewa: na alkalin yana barin farin gari busasshe kamar gishiri, ɗayan kuma yana barin danshi mai yauƙi da jar tsatsa, takardar jikin batirin ta jiƙe. Ga irin wannan, a jiƙa 'yar kanwa kaɗan ko bekin soda, rabin ƙaramin cokali a rabin kofin ruwa, a goge da shi, sannan a bi da ruwa mai tsabta da sifirit.

Abin da ke sa su tsiyaya abu uku ne. Na farko, batir ya ƙare a bar shi a ciki. Na biyu, haɗa sabo da tsoho, ko kamfani biyu daban: mai ƙarfin yana tura wuta ta cikin mai raunin har ya fashe shi. Na uku shi ne wanda mutane ba su lura da shi ba. Sandar da ake danna makunni ɗaya ta canza daga tsayayyen haske zuwa walƙiya, yawancinsu suna ɗan jan wuta ko a kashe suke. Wata goma a sito ya ishe ta tsotse batir tas. Don haka duk sandar da za ta wuce mako biyu ba a yi aiki da ita ba, a cire mata batir.

A sayi ƙaramar mitar auna ƙarfin batir, ba ta da tsada. Sabon batir yana nuna 1.5V zuwa 1.6V. Ya sauko 1.1V a canza duka biyun tare. Masu launi biyu kuwa za ku ga kore ya riga ja dushewa. Ba lalacewa ba ce: jar fitila tana kamawa da wajen 2V, kore na buƙatar wajen 3V, shi ya sa yake fara nuna batir ya yi sanyi.

Abu Hanif:

Bari in ɗauki na cajin. Galibi batirin litiyam ne a ciki, irin wanda ake kira 18650, mai 3.7V, cikarsa 4.2V. Idan ya sauka ƙasa da 2.5V ya daɗe a haka, ya samu rauni, cajar ma sai ta ƙi karɓarsa. Kafin a yanke masa hukunci a gwada wata waya da wani kan caja mai 5V, a kuma sa tsinken sakace a fito da ƙurar da ta dunƙule a ramin caji, domin sau da yawa nan abin yake. Idan an buɗe mita ta nuna ƙasa da 2V, ko batirin ya kumbura ko yana wari, a canza shi. Ina roƙon kada a bari wani ya ce zai "tayar" da shi ta hanyar haɗa shi kai tsaye da wani batir, gobara ake nema.

Wajen sayen sabo, duk 18650 da aka rubuta wa 9900mAh ƙarya ce. Na gaske ba ya wuce wajen 3500mAh, nauyinsa kuma kusan giram 45 ne. Wanda ka ɗauka ka ji shi sakayau kamar fanko, ajiye shi.

Ajiya kuma ba a cike ba, ba a ƙare ba, wajen rabi, a riƙa ɗan ƙara musu duk wata uku. Zafi ne babban abokin gābarsu. Sito mai rufin kwano a watan Afirilu, ko gaban mota da aka kulle a rana, suna tsufar da batir cikin ɗan lokaci. Kada a sa a caji sandar da ta sha rana sai ta huce.

Abban Sadiya:

Allah ya saka da alheri. Saura masu son a bubbuga, da kuma gangar jikin da ta yi dishi-dishi. Wani ya ce mu goge da fetur mu shafa basilin a marfi.

Baban Ummi:

Kada ku kuskura, Malam. Bututun roba ce da ake ganin cikinta, fetur da tina da ruwan cire jan farce suna cin ta, ta yi hazo ta tsattsage, kuma ba ta dawowa. Ruwa da sabulu da tsumma mai laushi sun wadatar. Lokacin hunturu a fara ɗauraye ƙurar kafin a goga, in ba haka ba ƙurar ce ke zama samfefa. Ba a tsoma sandar a bokiti, ko da an rubuta tana jure ruwan sama. Basilin kuma yana kumbura wasu irin zoben roba har su saki. Giris ɗin silikon ake shafawa, ɗan kaɗan kamar ƙwayar gero, kafin damina. Idan aka ga raɓa a cikin bututu bayan ruwa, a cire batir a bar ta a buɗe ta kwana biyu. Ƙaramar tsaga a rufe da farin salatif mai faɗi ko gam ɗin silikon. Sufa gulu yana barin farin tabo, yana kuma ƙara fasa robar.

Masu bubbugawa, a fara da sifirin ɗin da marfi, a tabbatar ya ɗauru sosai. Idan batir yana kaɗawa a ciki a naɗa masa takarda zagaye ɗaya. Ba a dace ba, a kwance mariƙi a duba wayoyi biyun da suka tafi allon fitilu, faɗuwa tana tsinka dalmarsu. Sai makunni: ƙura na shiga ta ƙarƙashin hular robarsa, ɗigon sifirit biyu da dannawa sau ashirin kan warware shi, in ya ƙi mai gyaran rediyo zai sa sabo.

Igiyar hannu ma a duba ta kowane dare, ita ce ke hana faɗuwar tun farko. A kuma haɗa su biyu-biyu masu haske daidai, a rubuta musu lamba ɗaya, a riƙa canza batirinsu tare. Masu ba jirgi hannu a filin jirgin sama da sanda biyu suke aiki da dare, don matuƙi da motsin hannu biyun yake karanta umarni. Direban da ke fitowa daga tahajjud ƙarfe uku na dare ma haka ne, idan ɗaya ta dushe hannu ɗaya kawai yake gani, bai san tsaya ake ce masa ko wuce ba.