Bitmap da Hausa: ni dai na tsaya kan "hoton saƙa"

Jama'a, ku taya ni duba wannan kalma ta bitmap, wato hoton da kwamfuta ke ajiyewa a matsayin ƙananan ɗigogi a jere. Ƙanena da ke karatu a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo nan Maradi ya rubuta manhaja da harshen kwamfuta na C don ta karanto hoton BMP, wani nau'in fayil na bitmap, ta nuna shi a allon kwamfuta. Hoton ya fito ƙafa sama, kai ƙasa, ga shi a karkace. Da na zauna yi masa bayani, sai na ga bakina ya cika da Faransanci da Ingilishi, shi kuma yana gyaɗa kai ba tare da abin ya shige shi ba.

Wani malami da nake girmamawa ya ce a kira bitmap "taswirar ɗigo". Ɗigo ya yi daidai da pixel, na karɓa hannu bibbiyu. Taswira ce ban yarda da ita ba. Bahaushe in ya ji taswira, ƙasa da iyakokinta yake hangowa. An bi kalmar baƙi sawu da sawu, don "map" na bitmap taswira ne da Ingilishi, amma ba ta koya wa ɗalibi komai.

Ku dubi yadda fayil ɗin yake. Goshinsa, wato farkonsa, bayit 14 ne, bayit ɗin kuwa ma'aunin bayanai ne da mu nan muka fi sani da oktet, kuma da haruffa biyu yake farawa: B da M. Sai bayit 40 a irin tsarin da ya zo da Windows 3.0 a 1990, inda aka rubuta faɗi da tsawo. Daga nan sai ɗigogi, layi bayan layi, kuma layin ƙasan hoto shi ne na farko. Wannan ai aikin masaƙi ne! Ƙoshiya ta wuce, zare ya kwanta, wani ya hau kansa, ƙyalle yana tashi daga gaban mai saƙa. Ina faɗa wa yaron haka ya ce, "Yaya, ashe daga ƙasa zan faro." Juyewar ta warke nan take.

Karkacewar kuwa, kowane layi dole yawan bayit ɗinsa ya rabu da 4. Hoto mai faɗin ɗigo 50, kowane ɗigo bayit 3, ya ba da 150, sai a ƙara 2 su zama 152. Wanda bai tsallake biyun nan ba, kowane layi zai zame kaɗan har hoton ya kwanta gefe guda. Wannan ƙarin sunansa ciko, ba sai mun ƙirƙiro komai ba. Launi ma a juye yake zuwa: shuɗi, tsanwa, sannan ja.

An ce mini nau'o'in hoto irin su PNG da JPEG ma ɗigogi ne a jere in an buɗe su. Gaskiya ne, kuma shi ya ƙara mini ƙarfin gwiwa: duk hoton saƙa ne, BMP ya riƙe sunansa. Irin su SVG, da lissafi ke fitar da layukansu, sai mu ce hoton zane.

Saura aikin karantowar. Da yawa suna cewa lodi, amma ni lodi na tasha nake ji, buhu kan buhu. Na fi son "ɗauko": manhaja ta ɗauko hoton saƙa daga ma'aji zuwa ƙwaƙwalwar kwamfuta. Malamai masu koyar da wannan fanni, ku gwada su a aji, ku gaya mana wadda ta zauna a bakin ɗalibai.