Masu ba da hayar keke mai ƙafa uku a Yamai: yaya kuke tarar lalacewa tun ba ta zo ba?

Mai haya, Bukoki: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina ba da hayar kekunan dako masu ƙafa uku ga masu ɗaukar kaya daga kasuwar Katako. Ribar duk a wurin mai gyara take ƙarewa, musamman sarƙa da wayoyin ƙafafun baya, wato siraran ƙarafan nan da ke haɗa tsakiyar ƙafa da da'irarta. Kowa ya faɗo yadda yake yi.

Tsohon makaniki, Wadata: Wa'alaikumus salam ɗana. Fara da sarƙa. Abin da ke cinye ta a garin nan mai ne da rairayi. Yara na zuba baƙin man mota har ya riƙa ɗiga, ƙurar hunturu ta manne, shi ke nan kullum sarƙar tana wasa kanta tana wasa haƙoran da take hawa. Ni kalanzir nake wanke ta da shi, in bari ta bushe, in ɗiga mai kaɗan a kowace gaɓa, sannan in goge bayanta da tsumma har ta daina maiƙo. Cikin gaɓar ne ke bukatar mai. Kuma ka riƙa awo: sabuwar sarƙa, tazarar ƙusoshi 20 na gaɓoɓinta santimita 25.4 ce. In ta wuce 25.6, canza ta. Ka yi jinkiri, sai ka sayi sarƙa da haƙora gaba ɗaya.

Mai haya, Bukoki: Baba, wayoyin fa?

Tsohon makaniki, Wadata: Keke mai ƙafa biyu yana kwantawa a kwana. Mai uku ba ya kwantawa, don haka nauyin kaya daga gefe yake tura ƙafafun baya, wayoyi su saki. Duk mako ka matsa su bibbiyu da hannu. Wadda ta yi laushi a ɗaure ta ranar, don in ɗaya ta tsinke maƙwabtanta za su biyo ta.

Wata hajiya, Talaje: Ni kekunan masu lalurar ƙafa nake kula da su, waɗanda ake tuƙawa da hannu. A wurina birki ne gaba da komai. Wanda ke kan irin wannan keken ba zai iya sa ƙafa a ƙasa ya tsaya ba, ba zai kuma sauka ya tura shi gida ba. Ba na barin ko ɗaya ya fita sai na gwada birki da kaina, na kuma taɓa kowace taya. Wannan amana ce, ba na ɗora ta a kan yaro.

Ɗan Adar, daga Tawa: Hajiya ta yi gaskiya. Mu a nan ƙaya ce damuwarmu, tsidau da ta aduwa. Muna yanka tsohuwar roba mu shimfiɗa cikin taya kafin mu sa sabuwa. A watan Afrilu da Mayu kuma, da zafi ke haura digiri 40, a inuwa muke ajiye su. Rana na ƙara wa iskar taya ƙarfi, tsohon faci ya ɗago.

Matashi, Harobanda: Abin da ya gyara mini lissafi littafi ne. Kowane keke da lambarsa da shafinsa. Kuma lokacin da aka dawo da shi nake dubawa, mai haya na tsaye, ba washegari da safe ba. Ta haka gardama ta ragu. Da damina, in ya dawo da jan laka, a wanke a shanya kafin a kwana, in ba haka ba tsatsa ta shiga boris.

Mai haya, Bukoki: Allah ya saka da alheri. Baba, ranar Asabar zan kawo guda biyu ka nuna wa yarona awon nan.