Shugaban da ya ce zaɓen da ya kawo shi akwai gyara: gaskiya ce ko dabarar siyasa?

Ɗan_Rimi03:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah tambayata ga manyanmu ne da suka yi wayo a 2007, ni lokacin ko firamare ban shiga ba. Jiya da daddare gardama ta kaure a majalisarmu kan marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, Allah ya jiƙansa, wani ya kunna mana jawabinsa na ranar rantsuwa 29 ga Mayu 2007 a waya, inda da bakinsa ya yarda zaɓen da ya kawo shi yana da kurakurai, ya ce zai kafa kwamiti a gyara. Rabin majalisa suka ce wannan shi ne ɗan dimokuraɗiyya na gaske, ba a yi irinsa ba kuma ba za a yi ba. Ni kuwa abin da ya tsaya min a rai shi ne, in mutum ya ce kayan da ke hannunsa akwai shubuha a yadda suka zo, kuma ya ci gaba da riƙonsu har ƙarshen ransa, to me furucin ya amfana? Da na faɗi haka saura kaɗan a hana ni shayi, wai na taɓa mamaci. Wallahi ba cin mutunci nake nufi ba, so nake in gane.

Baban_Halifa:
Wa alaikumus salam. Yaro ka fama min tsohon miki.

Ranar Asabar 21 ga Afrilu 2007 ni ejan ne na wata jam'iyyar adawa a rumfar zaɓen da ke cikin firamaren unguwarmu. Ƙarfe bakwai na safe muna wurin, ni da 'yar rediyona da ledar fiya wata. Kayan zaɓe ba su iso ba sai bayan la'asar, da suka iso ma takardun shugaban ƙasa ba su kai yawan mutanen da ke layi ba. Akwai wata tsohuwa da har yau in na rufe ido ina ganinta, tun hantsi take zaune a gindin darbejiya ta ƙulle katinta a bakin zane kamar kuɗin cefane, in an ce Iya je ki gida ki huta sai ta ce ai dangwalawa ta zo yi. Ana kiran magariba wata mota mara lamba ta shigo, samari suka diro da gorori, kafin ka ce kwabo akwati ya bi iska, ni takalmina ƙafa ɗaya a can na bar shi. Iya ba ta dangwala ba. Washegari muka ji sakamakon mazaɓarmu, ƙuri'un da aka faɗa sun ninka mutanen da na gani da idona.

Da aka zo na ƙasa aka ce Umaru miliyan 24 da ɗoriya, Buhari miliyan 6 da wani abu, Atiku miliyan 2 da wani abu. Dama tun wajen kamfen Obasanjo ya ce zaɓen ko a mutu ko a yi rai ne, ka ga ba a ɓoye mana komai ba. Masu sa ido na Tarayyar Turai su ma suka ce abin bai kai ko kusa da mizani ba.

To ranar rantsuwa da na ji jawabin a rediyo haushi na ji, ba zan maka ƙarya ba, ce nake ba'a ake mana. Sai daga baya na lura da abu ɗaya: duk wanda a da yake ce mana ƙarya kuke, kun faɗi ne kawai kuna kuka, daga ranar bakinsa ya mutu, don mai kujerar da kansa ya yi mana shaida. Shugaban hukumar zaɓe na lokacin Maurice Iwu yana ta yabon aikinsa, wanda aka ba nasarar kuma yana cewa akwai gyara. Wannan kam na ba shi. Amma akwatina bai dawo ba.

Lauyan_Gindin_Mangwaro:
Baba sannu, Allah ya ba da ladan haƙuri. Ƙanena mai tambaya, ni a ganina wurin da za ka auna mutumin ba jawabin ba ne, abin da ya biyo baya ne, kuma a nan labarin rabi da rabi ne.

Kwamitin ya kafa shi da gaske, watan Agusta 2007, mutum 22 ƙarƙashin tsohon alƙalin alƙalai Muhammadu Lawal Uwais, kuma ba 'yan amshin shata ya cusa ba, akwai Attahiru Jega, akwai Matthew Hassan Kukah, akwai Bolaji Akinyemi da Olisa Agbakoba. Suka zaga ƙasa suka ji bakin jama'a suka miƙa rahoto a Disamba 2008. Cikin abin da suka ce: a daina barin shugaban ƙasa shi kaɗai ya ɗauko shugaban INEC, majalisar harkokin shari'a ta NJC ta tallata kujerar ta tace sunaye, a kafa hukuma ta musamman mai gurfanar da masu laifin zaɓe, a bar ɗan takara mai zaman kansa ya tsaya ba sai da jam'iyya ba, a gama shari'ar zaɓe kafin a rantsar da kowa, sannan in an je kotu INEC ce za ta tabbatar ta yi zaɓe daidai, ba wanda aka ƙwace wa ba ne zai yi ta yawon neman shaida rumfa rumfa.

To ina aka kwana? Da gwamnatinsa ta zauna kan rahoton a 2009, wancan na farko, wanda shi ne ƙashin bayan komai, shi ta ajiye gefe, aka ce naɗin ya ci gaba da zama a hannun shugaban ƙasa. Har yau da nake rubutun nan haka abin yake. Wato an yarda a yi wa gida fenti amma makulli yana aljihun mai gida.

Ɗaya ɓangaren kuma, wanda masu sukarsa ba sa son faɗa, kotuna sun yi numfashi a zamaninsa. Bai yi wata guda a kujera ba kotun ƙoli ta ce wa'adin Peter Obi a Anambra bai ƙare ba, Andy Uba ɗan PDP ne kuma na hannun daman Obasanjo, ko sati uku bai cika a gidan gwamnati ba aka ce ya tattara, kuma ya tattara ɗin. Oshiomhole ya karɓi Edo ta kotu a Nuwamba 2008, Mimiko ya karɓi Ondo a Fabrairu 2009, duk daga hannun PDP, jam'iyyar shugaban ƙasar, aka ƙwace, ba a turo soja an tare ƙofa ba. Kuɗin ƙananan hukumomin Legas da aka riƙe tun zamanin Obasanjo duk da hukuncin kotu shi ya sake su. Shari'arsa shi kansa da Buhari a kotun ƙoli, Disamba 2008, da ƙyar ya sha, alƙalai 4 da 3, Oguntade da Aloma Mukhtar da Onnoghen suka ce a soke zaɓen saboda takardun ƙuri'a ba su da lambar siriyal kamar yadda doka ta ce. Alƙali ɗaya ya sauya ra'ayi da wani labarin ake yi yanzu.

Maman_Ummi_KT:
Ni ba zan shiga maganar kotu ba don ba fannina ba ne, amma ɗana kada ka ɗauka ranar rantsuwa ya fara wannan halin. Mutumin nan ɗan gidan sarauta ne, mahaifinsa minista ne tun jamhuriya ta farko kuma jigo a NPN, amma shi da yana malamin kimiyya PRP ta Malam Aminu Kano ya bi, a cikin gida ɗaya fa. Kuma ya ɗanɗani faɗuwa, 1991 ya nemi gwamnan Katsina a SDP Sa'idu Barda ya kayar da shi, sai 1999 ya samu.

Abin da ya fi burge ni bayyana kadarori. Doka cewa ta yi ka cike fom ka kai wa hukumar ɗa'ar ma'aikata su kulle a durowa, ba wanda ya tilasta ka nuna wa talaka. Shi a Yuni 2007 ya fito da nasa fili, wajen naira miliyan 856, kowa ya karanta a jarida. Mataimakinsa Jonathan sai da ya bi sahu, amma da ya zama shugaba aka tambaye shi a 2012 ai kun ji amsar da ya bayar, ƙi ya yi ƙememe. Shi kuwa marigayi abin da yake yawan faɗa shugaba bawan jama'a ne. Kuma litar fetur da aka bar masa a naira 75 ya mai da ita 70, daga baya 65, ni da nake sayen kalanzir da biyan kuɗin mota na san bambancin saukowa da hawa.

Sai_Gaskiya:
Hajiya da girmanki, amma a riƙa faɗar duka. A zamanin bawan jama'ar ne aka ɗauke Ribadu daga EFCC aka tura shi kwas Kuru jim kaɗan bayan ya kama Ibori, tsohon gwamnan Delta. A zamaninsa aka sake zaɓen gwamnan Ekiti a wasu mazaɓu a Afrilu 2009, bayan rahoton Uwais fa yana kan tebur, abin kunyar da aka yi a can sai da kotu ta warware a 2010. Sannan babbar magana: 23 ga Nuwamba 2009 aka fita da shi Jidda jinya ba a miƙa wa majalisa takardar ba mataimaki riƙo da sashe na 145 na tsarin mulki ya ambata ba, ƙasa ta zauna sama da wata biyu ba a san wa ke riƙe da ita ba, sai 9 ga Fabrairu 2010 majalisa ta yi dabarar larura ta ba Jonathan riƙo. Ban ce laifinsa ba ne shi kaɗai, mara lafiya ba ya iko da ƙofar ɗakinsa, na kusa da shi su suka sani. Amma wanda takensa bin doka ne, a nan dokar ta fi buƙatarsa.

Lauyan_Gindin_Mangwaro:
Wannan haka yake, shi ya sa ma a gyaran tsarin mulki na 2010 aka sa ƙa'idar kwana 21, in shugaba bai aiko takarda ba majalisa ta ba mataimaki riƙo da kanta. Kuma Jega da Jonathan ya naɗa INEC a Yuni 2010, wata guda da rasuwar marigayi, daga cikin kwamitin nan aka ɗauko shi.

Ɗan_Rimi03:
Na gode ƙwarai iyayena da yayyena, yau in na koma majalisa da kayan aiki zan je. Amma Baban Halifa har yanzu ba ka ba ni amsa kai tsaye ba, da kai ne a matsayinsa ranar 29 ga Mayu, sauka za ka yi a sake zaɓe ko riƙewa za ka yi ka ce za ka gyara?

Baban_Halifa:
Hahaha yaro ka iya tsare mutum. In ya sauka wa zai shirya sabon zaɓen, ba dai su waɗancan ɗin ba? Kuma ni da ko kujerar shugaban ƙungiyar iyayen yara sai da aka yi rigima kafin na saki, ba ni da bakin cika baki. Abin da na sani dai 2011 na sake yin ejan a rumfar nan, Iya kuma ta rasu kafin lokacin.