Naiti bakwai a jere da nas biyu a wod: ta ina za a fara rage gajiya?

Incaj_WodMata

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wod ne mai gado 30, nas biyu ke riƙe shi da dare, naiti bakwai a jere sannan hutun kwana bakwai. Daga dare na huɗu ake fara ganin canji. Takardar magani ba a cike ba, faɗa da 'yan jinya kan abin da bai kai ya kawo ba, gyangyaɗi wajen handoba, wato miƙa aiki ga masu karɓar duti. Wasu sun koma Nescafé kofi huɗu zuwa biyar a dare, da rana kuma Piriton ko Valium don barci ya zo. Ƙarin ma'aikata ba a hannunmu yake ba. Me nas za ta iya yi wa kanta, me incaj, wato shugabar wod, za ta iya gyarawa a rosta, jadawalin duti, kuma yaya ake gane cewa abin ya wuce gajiya ya zama ciwo?

Malam_Emajensi

Wa alaikumus salam Sista. A fara da barci, domin yawancin abin da kika lissafa daga nan ya taso. Babba yana buƙatar awa 7 zuwa 9 a cikin awa 24. Wadda ta kwanta ƙarfe goma na safe, yara suka dawo makaranta ƙarfe ɗaya da rabi, awa uku da rabi ta samu. Kafin dare na huɗu bashin barcin da ke kanta ya haura awa 12, kuma shi ne kike gani a takardar magani.

Ranar shiga naitin farko ta kwanta bayan azahar, awa ɗaya da rabi zuwa biyu. In ba ta yi ba, kafin a karɓe ta da safe ta kwashe sama da awa 24 ido biyu, alhali tun daga awa 17 lura da saurin hannu suke raguwa ƙwarai.

A cikin duti, tsakanin ƙarfe uku da biyar na asuba ne jiki ya fi sanyi, ƙwaƙwalwa ta fi nauyi. Runtsawar minti 20 zuwa 30 kafin wannan lokacin, ɗaya bayan ɗaya, da ƙararrawar waya, tana taimakawa sosai. In ta zarce haka mutum ya shiga barci mai nauyi, ya tashi a ruɗe. Wadda ta tashi ta wanke fuska, ta ɗan zaga, ta jira kamar minti 15 kafin ta taɓa sirinji.

Kofi kuwa, lokacin shansa ne matsalar. Jiki yana ɗaukar kusan awa biyar kafin ya fitar da rabin kafeyin ɗin da aka sha, wato sinadarin kofi mai hana barci. Wadda ta sha ƙarfe biyar na asuba, ƙarfe goma rabinsa yana nan a jininta, sai ta ce barci ya ƙi, ta nemi Piriton. A sha a farkon duti, a tsaya da misalin ƙarfe biyu. Iyakar yini miligiram 400 ce, mai ciki 200, kuma goro da Lipton da lemon ƙara kuzari duk suna cikin lissafin. Abinci mai nauyi a ci shi kafin a fito daga gida. Tsakar dare dafaffen ƙwai, gyaɗa ko ayaba sun isa, Indomie da soyayyen abu ƙarfe uku ƙwannafi da kasala suke kawowa. Ruwa leda biyu zuwa uku, a rage shi dab da safiya don kada fitsari ya katse barci.

Hasken safiya yana danne sinadarin melatonin da ke kawo barci, don haka baƙin gilashi a hanyar gida yana da amfani. Wanda idonsa ke rufewa ya bar babur ko mota a asibiti ya hau adaidaita sahu. A gida a rufe taga da labule mai kauri ko bargo, a watsa ruwa, a kashe ƙarar waya. In barcin awa bakwai a dunƙule bai yiwuwa, a raba shi, daga tara da rabi zuwa azahar, a yi salla a ci abinci, a ƙara awa biyu zuwa uku kafin magariba. Ranar da aka gama naitin ƙarshe a tashi da azahar a daure har dare, in ba haka ba rabin hutun zai tafi wajen juyo da barcin.

Famasi_Kn

Bari in tsaya kan magungunan, don nan ne ake faɗawa rami a hankali. Valium yana wuce kwana guda a jiki, abin da hanta ke mayar da shi kuma yana yin kwanaki. Wadda ta sha ƙarfe goma na safe da shi za ta shiga wod ƙarfe tara na dare. Shan sa kullum na sati biyu zuwa huɗu ya isa jiki ya saba. Wadda ta riga ta saba kada ta yanke rana ɗaya, domin yana kawo rashin barcin da ya fi na da, rawar jiki, wani lokaci har da jijjiga. Likita ne zai tsara mata ragewa kaɗan-kaɗan. Piriton 'yan kwanaki yake aikin sa barci, daga nan sai bushewar baki da nauyin kai.

Waɗanda suka fi tsoratarwa su ne tiramadol, da ake farawa da sunan ciwon baya, da allurar kashe zafi ta Fortwin. Tiramadol in ya yi yawa yana kawo jijjiga. Fortwin yana sandarar da naman cinya da damtse, ya bar gyambon da ba ya jin magani. Incaj ta lura da rajistar magunguna masu kulle. Lissafi ba ya daidaita, kwalbar allura tana yawan "fashewa" a dutin mutum ɗaya, ko mutum ɗaya ne kullum ke saurin cewa shi zai yi wa mara lafiya allurar kashe zafi. A riƙa ƙirgawa mutum biyu a kowace handoba, kowa ya sa hannu. In zargi ya yi ƙarfi a karɓi makulli, a yi magana a keɓe, a haɗa shi da likita. Tozarta shi a gaban mutane ɓoyewa kawai zai koya masa.

Kuma kafin a ɗora komai kan aiki, a auna yawan jini, suga da hawan jini. Ƙarancin jini yana da yawa a mata masu haihuwa kusa-kusa, kuma gajiyarsa ba ta jin hutu.

Hajiya_Matiron

Malam_Emajensi ya yi bayani mai kyau, sai dai runtsawar nan in ba a rubuta ta a matsayin hutun da aka amince da shi ba, mai zagayen dare zai tarar da yarinya kwance ya ba ta takardar tuhuma. Ki kai maganar ofishin shugabar ma'aikatan jinya, a sa lokaci, a sa sharaɗin cewa ɗaya tana tsaye a wod kuma ba a yi in akwai mara lafiyar da ke cikin mawuyacin hali.

Naiti bakwai ya yi yawa, kuskure yana ƙaruwa ne da kowane dare da aka ƙara. Biyu zuwa uku, sannan hutun kwana biyu, ya fi wa jiki. Amma kada ki soke shi da ƙarfi, ƙanwata, za su yi miki bore, domin satin hutun ne suke zuwa garinsu da shi, wasu kuma suna aiki a asibitin kuɗi. Ki raba shi huɗu da uku ga waɗanda suka yarda, sauran su gani da idonsu. Ki kuma duba waɗanda ke naiti a wani wuri cikin satin hutu, don wannan ba ta huta ba ko kaɗan.

Tsakanin duti da duti kada ya gaza awa 11. Wadda ta tashi dutin rana ƙarfe tara na dare, aka sa ta safe washegari, in an cire hanya da girki da shirin yara ba ta samun awa shida. Juyin duti ya riƙa tafiya safe, rana, dare, domin jiki ya fi jure jinkirta barci a kan gaggauta shi. Rosta ta fito da wuri, musanya kuma ta bi ta hannunki a rubuce.

Duk aikin da zai iya jira a ɗauke shi daga ƙarfe uku zuwa biyar. Wanda ba zai jira ba, mutum biyu su duba shi: insulin, fotasiyam, da maganeziyam salfet na masu jijjigar ciki ko haihuwa. Wannan na ƙarshen mai ƙarfin kashi 50 ake yi a ɗuwawu, na jijiya kuwa sai an sirka shi ya koma kashi 20, kuma kafin kowane zagaye a duba numfashi, fitsari da motsin gwiwa. Mai barci a ido nan take tsallakewa.

'Yan jinya kuma, zagaye ɗaya a farkon dare ana gaya musu yaushe magani, yaushe likita, me za su gani su kira nas, yana rage sintirin zuwa tebur. In wani ya harzuƙa, kada nas ta tsaya ita kaɗai ko ta bar shi tsakaninta da ƙofa. A kira masu gadi, a rubuta rahoto. Sannan kullum ki rubuta yawan marasa lafiya da yawan nas a littafin rahoto. Da wannan za ki je wa hukumar asibiti da reshen NANNM, ƙungiyar ma'aikatan jinya da ungozoma ta ƙasa, kuka da baki ba ya shiga fayil.

Nas_Ƙwaƙwalwa

Tambaya ta uku, yadda ake gane gajiya ta zama ciwo. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ƙonewar aiki a matsayin abin da aiki ke haifarwa, ba ta ƙirga shi cikin cututtuka ba. Alamunsa uku ne: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta janye daga aikin har mara lafiya ya koma "gado na tara", sai jin cewa ba ka tsinana komai. Mai wannan in ta samu hutu tana warwarewa, ta je biki ta yi dariya, sai duti ya matso ƙirji ya fara nauyi.

Ciwon damuwa kuwa yana bin mutum har gida. Sati biyu ko fiye cikin ƙunci, abin da take so da ya daina yi mata daɗi, cin abinci ya canza, tana farkawa tun kafin asuba barci ya ƙi komowa, tana ɗora wa kanta laifin komai. Takardar gwajin ciwon damuwa mai suna PHQ-9 tambaya tara ce, kowace maki 0 zuwa 3. Maki 10 zuwa sama a ga likita. Tambaya ta tara kan tunanin mutuwa ko cutar da kai ce, in amsar ba sifili ba ce a ranar za a ga likita, kuma ba a barin ta ita kaɗai. A tambaye ta kai tsaye, tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, Kware, Maiduguri da Dawanau, da sassan ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa, don haka mai gudun idon abokan aiki tana iya zuwa inda ba a san ta ba. Maganin ciwon damuwa yana ɗaukar sati biyu zuwa huɗu kafin a fara jin sauƙi, ana kuma ci gaba da shi aƙalla wata shida bayan an warware. Da yawa a satin farko suke watsar da shi su ce bai yi ba.

In an yi rashi mai girgiza wod, kamar mai haihuwa ko yaro, kada a tara kowa a tilasta musu faɗin abin da suke ji. Ba a ga amfanin hakan ba, wasu ma yana fama musu. A ba wadda abin ya faru a hannunta minti goma a waje, ruwa, da wadda za ta zauna kusa da ita. Bitar abin da ya faru a yi ta daban, wata rana, ba da neman mai laifi ba. Mafarki da firgita na 'yan kwanaki ba abin tsoro ba ne, in sun wuce wata guda a tura ta. "Ki yi haƙuri, ƙaddara ce" gaskiya ne, amma a bari ta gama magana tukuna.

Na nan take, a tsakiyar aiki: a ja numfashi ta hanci ana ƙirga huɗu, a sake shi ana ƙirga shida, sau goma. Bai kai minti biyu ba. Tsawaita fitarwar ne ke sassauta bugun zuciya.

Incaj_WodMata

Allah ya saka da alheri. Saura na gida, Hajiya. Da yawansu sun ce ko sun kwanta maƙwabta na sallama da allura ko ledar ƙarin ruwa a hannu.

Hajiya_Matiron

Wannan maigida ko babba a gidan ne zai tare ƙofa, ita kunya ba za ta bar ta ba. A sanar da unguwa cewa ranar naiti ba a ganin Sista sai bayan la'asar. Ƙarin ruwa da allurar jijiya a ɗaki kuwa ta ƙi su gaba ɗaya, ta ce dokar aiki ce, domin in jikin mutum ya ƙi maganin ba ta da adirenalin ko iskar oksijin a gida, kuma lasisinta ne zai je gaban NMCN, majalisar da ke kula da lasisin ma'aikatan jinya da ungozoma. Mai abokiyar zama ta kai mata rosta tun farkon wata a daidaita ranakun girki.