Wa ya taɓa shan laimar kwaɗi mai silosaibin? A ba ni labari

Mai tambaya, daga Portland, Amurka:
Salamu alaikum 'yan uwa. Shekara biyu ke nan da rasuwar mahaifiyata, ban samu zuwa jana'iza ba, tun daga nan barci ya ƙaurace min. A nan jihar Oregon an kaɗa ƙuri'a a 2020 aka halatta shan silosaibin, sinadarin da ke cikin wata laimar kwaɗi, a cibiyoyi masu lasisi, aka fara buɗe su a 2023. Ba a neman takardar likita, mutum dai ya kai shekara 21. Wata abokiyar aikina ta matsa min in je, wai zan fahimci kaina. Wanda ya taɓa sha ya gaya min gaskiya, wa'azi kuma a ɗan jinkirta min shi.

Daga Rotterdam, Holan:
Yaya, Allah Ya jiƙan Mama. Ni na ci sau ɗaya. A nan an haramta laimar tun 2008, amma ƙullutun da take yi a cikin ƙasa har gobe ana sayar da shi a shago. Da farko tashin zuciya ya kama ni, sai zanen kafet ya fara motsi kamar ruwa. Can sai ga ranar rabon gadonmu ta dawo min sak, har muryata na ji ina yi wa ƙanena tsawa a kan gona. Na yi kuka kamar yaro. Wajen awa biyar kafin ya sake ni. Washegari na kira ƙanen nawa bayan shekara huɗu muna gaba, wannan kam na ci riba. Damuwar da ta kai ni kuwa, ko wata guda ba a yi ba ta dawo. Kuma har yau in na tuna sai na yi istigfari, zuciyata ba ta natsu da hukuncinsa ba.

Daga Kano:
Mu dai zakami muka sani. Ina ɗan shekara 19 abokai suka zuba min a zoɓo wajen biki. Kwana biyu ban san inda kaina yake ba, maƙogwaro ya bushe ƙamas, an ce hira na riƙa yi da bango har sai da aka ɗaure ni. Ba abin da na fahimta game da kaina sai kunya.

Ma'aikaciyar jinya, daga Melbourne, Ostireliya:
Malam na Kano, sannu, ka auna arziki. Zakami guba ne mai ruɗa ƙwaƙwalwa, yana iya kisa, aikinsa daban da na silosaibin. Ƙanwata mai tambaya, a nan tun Yulin 2023 aka yarda a ba da silosaibin, amma likitan ƙwaƙwalwa mai izini na musamman kaɗai ke rubutawa, kuma ga ciwon damuwar da ya ƙi jin magani. Ni kafin nan Peru na je, garin Iquitos, na sha ayawaska, wani tsimin itatuwa na gargajiya mai sa gane-gane. Amai na kwana ina yi, ga tsoron da ban taɓa ji ba, na tabbata a daren zan mutu. Makwabcina a wurin ya fito yana murna, ni kuwa na yi watanni ina firgita cikin dare. Tambaya biyu gare ki: kina shan maganin damuwa yanzu? Akwai mai taɓin hankali a danginku? Masu bincike ba sa ɗaukar mai irin wannan tarihi, don abin yana iya tayar da ciwon.

Mai tambaya:
Anti, magani dai ba na sha. Amma akwai kawuna, ƙanen Mama, da aka riƙa kaiwa asibitin ƙwaƙwalwa muna yara, a gida ana ce mana iska ce. Ban taɓa kawo shi cikin lissafi ba. Bari in kira gwaggona a Gusau ranar Asabar in ji ainihin abin da likitoci suka ce yana damunsa, sai in kai wa likitata maganar.