Barewa makarantar 'ya'yan sarauta ce?

Malamin firamare, Funtuwa: Jama'a, a daina ce mana Kwalejin Barewa da ke Zariya ta kowa ce. Turawa suka kafa ta a Katsina a 1921, zamanin Gwamna Clifford, don su raini 'ya'yan manya da za su riƙe musu En'e, wato hukumar gargajiya. Cikin ɗalibanta, Sardauna jinin Shehu ne, Shagari ɗan Magajin garinsu. Ɗan talaka ta ina ya shiga?

Tsohon ɗalibi, gidan kwana na Lugard: Malam, ban yarda ba. Kwalejin Katsina ta horar da malamai ce tun asali, shi ya sa Sardauna da Tafawa Ɓalewa dukansu da koyarwa suka fara. Kuma Ɓalewan ɗan wane sarki ne? Mahaifinsa bara ne a gidan hakimin Lere. Gowon ɗan mai wa'azin coci ne a Wusasa. Ni kaina ɗan manomi ne. Ranar da Baba ya kai ni Zariya da akwatin ƙarfe da ƙullin ƙuli-ƙuli, gadon da ke kusa da nawa na ɗan wani hakimi ne. Kayanmu iri ɗaya, layin abinci ɗaya, ranar Asabar tare muke sharar ɗaki kafin a zo dubawa. Ban taɓa jin an tambayi ɗan waye kai ba kafin a miƙa maka tsintsiya.

Malamin firamare: Yaya, kai lokacin Zariya kake faɗa. Ni ina maganar farko ne, kafin ta koma Kaduna a 1938, balle Zariya a 1949.

Wata uwa, Kaduna: Ku yi haƙuri in sa baki. Ina ganin Malam yana da rabin gaskiya. Sai yaro ya bi ta elementare da midil ta lardi kafin ya kai Katsina, kuma waɗannan makarantun a hannun En'e suke. Wanda ke kusa da fada shi ya fi saurin jin labari. Amma kar mu manta iyaye da yawa guje wa boko suke yi, har da masu sarautar, wasu ma ɗan baransu suke turawa maimakon nasu.

Tsohon ɗalibi: Madalla, Hajiya. Sannan idan don biyayya ga sarauta aka gina ta, yaya aka yi ta fitar da Malam Aminu Kano? Kwalejin Kaduna ya yi, ya zo ya jagoranci jam'iyyar NEPU yana kare talakawa. Sa'adu Zungur ma ta Katsina ya bi.

Ɗalibin jami'a, Samaru: Baba, wannan ba hujja ba ce a kan niyyar Turawa. Ai ko sunayen gidajen kwana sun isa shaida: Lugard, Clifford, Ɗan Hausa (Bature Hanns Vischer), duk Turawa ne.

Tsohon ɗalibi: Ɗana, ka tsallake Bello Kagara da Nagwamatse da Sulaiman Barau. Taken makarantar ma Larabci ne, man jadda wajada, wanda ya dage ya samu. A filin fives, inda ake dukan 'yar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, wasan da Sardauna ya riƙe har girmansa, hannu ke magana, ba asali ba.

Malamin firamare: Na karɓi batun Ɓalewa da Gowon. Amma mutum biyu ba su rushe magana ba. A kawo rajistar ɗaliban farko mu ga aikin iyayensu ɗaya bayan ɗaya.

Wata uwa: Tsohon ginin kwalejin yana nan a Katsina, gidan tarihi ne yanzu. Kai da ke Funtuwa ka fi mu kusa, Malam, ka leƙa ka tambaya mana.