Ƙanwata tana amayar da abinci da gangan, ina zan kai ta?

Yayar Gida, Jos:
Assalamu alaikum. Ƙanwata mai shekara 19 ta kai wata shida tana cin abinci mai yawa a ɓoye, sannan ta shiga banɗaki ta zura yatsa a maƙogwaro ta amayar da shi saboda tsoron ƙiba. Yanzu kuma ta fake da azumin nafila, har ya zarce Litinin da Alhamis. Mahaifiyarmu ta ce iska ce, a kai ta ruƙiyya. Shin asibiti yana da maganin wannan?

Ma'aikaciyar Jinya, Jos:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Abin da kika bayyana ya yi kama da cutar da likitoci suke kira bulimiya, kuma tana da magani. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, don haka ki kai ta sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo. Gwajin jini ne ya fi gaggawa, domin yawan amai yana zubar da sinadarin potasiyom, wanda ƙarancinsa kan dagula bugun zuciya.

Malam Mai Nazarin Halayya, Abuja:
Maganin da aka fi dogara da shi zama ne da ƙwararre ana tattaunawa, bisa tsarin da Farfesa Christopher Fairburn na Jami'ar Oxford ya gina, zama 20 a cikin kusan mako 20. Abin da yake ba iyaye mamaki shi ne, ana farawa da sa mara lafiya ta ci sau uku a rana, da ɗan abin taɓawa sau biyu ko uku a tsakani, kada ta wuce awa huɗu da cikinta wayam, domin yunwar da take ɗora wa kanta ce take haifar da cin da ya wuce kima, shi kuma ya jawo aman. A ganina azumin nafila ya dakata har sai likita ya duba ta.

Wadda Ta Warke, Abuja:
Yaya, na sha wannan wahala shekara uku. Ku roƙi dangi su daina cewa "kin yi ƙiba" ko "kin rame", ko da wasa ne, domin kalmar wata gwaggona a gidan biki ce ta fara jefa ni ciki. Bayan an ci tuwon dare ki zauna da ita kuna hira na awa guda, amma kada ki tsaya mata gadi a ƙofar banɗaki.